Daga Samaru zuwa Yashe: Aikin da ke gaban cibiyoyin bincike kafin su baza na'urori a gonaki

Daga ƙarshen watan Mayu zuwa tsakiyar Yuni, tambaya ɗaya ce ke yawo a bakin manoman Yashe, garin da ke kan hanyar Kano zuwa Katsina, da na ƙauyukan ƙananan hukumomin Kusada da Kankiya: ruwan nan da ya sauka na shuka ne, ko kuwa a ɗan dakata?

Wanda ya yi gaggawa, idan ruwa ya ɗauke na mako biyu ko uku, iri zai ƙone a ƙasa, sai ya sake saye. Wanda ya yi jinkiri kuma, damina na iya tafiya ta bar dawarsa ba ta nuna ba. Da tsadar iri da taki a 'yan shekarun nan, kuskuren mako guda na iya cinye ribar shekara.

Amsar da malamin gona zai bai wa manomi, da irin da zai ce masa ya shuka, daga cibiyoyin bincike suke fitowa. Su kuma cibiyoyin sun dogara ne da awo: yawan ruwan sama, damshin ƙasa, zafin rana, ƙarfin iska. A faɗin duniya, wannan awo yana barin hannun ma'aikaci mai littafi da biro yana komawa kan ƙananan na'urori masu aiko da rahoto da kansu ta hanyar sadarwa.

Sayen na'urorin shi ne ɓangare mafi sauƙi. Babban aikin yana ga shirya hanyar da saƙonninsu za su bi.

Cibiyar da ta haura shekara 100

Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, wadda aka fi sani da IAR, ta faro ne a 1922 a matsayin sashen bincike na ma'aikatar gona ta Arewa, sannan ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ita ke da alhakin inganta dawa, masara, wake, gyaɗa da auduga, da wasu amfanin gona.

Duk manomin da ya taɓa sayen iri mai suna SAMSORG, SAMMAZ, SAMPEA ko SAMNUT, aikin Samaru ya saya. Daga nan ne aka fitar da waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsa a ƙarshen 2019, da masarar TELA a farkon 2024. Akwai ma filin gwajin taki a Samaru da aka fara tun 1950, inda ake kwatanta tasirin takin gargajiya da na zamani a kan ƙasa ɗaya shekara bayan shekara.

Cibiyar ba a wuri ɗaya take ba. Tana da tashar binciken noman rani a Kadawa da wata tashar a Minjibir, duk a Jihar Kano, da kuma ta Talata Mafara a Jihar Zamfara. Ita kanta jami'ar tana ɗauke da cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI a Shika, da cibiyar wayar da kan manoma ta NAERLS, da cibiyar binciken makamashi mai ƙaramin injin nukiliya na bincike da ya fara aiki a 2004.

Wuri irin wannan, mai ɗakunan gwaji da gonaki da tasoshi a jihohi daban-daban, shi ne ya fi buƙatar na'urorin awo, kuma shi ne ya fi wahalar haɗawa.

Me na'urorin suke yi?

A taƙaice, na'ura ce ƙarama mai batir, wadda ke auna abu ɗaya ko biyu ta aika da lamba. Wata a binne take a ƙasa tana auna damshi. Wata tana kan sanda tana ƙirga ruwan sama. Wata tana cikin ɗakin sanyi da ake ajiye iri, wanda ƙa'idar duniya ta ce a riƙe shi a kusan digiri 18 ƙasa da sifili idan ajiyar ta dogon lokaci ce. Idan injin sanyin ya tsaya a daren Juma'a, na'urar ce za ta tura saƙo wayar ma'aikaci, maimakon a tarar da ɓarna ranar Litinin.

Saƙonninsu ba su da nauyi. A ƙaddara na'ura 500 ce, kowace tana aika rahoto duk minti 15. Saƙo 96 ke nan a rana ga kowace, jimilla 48,000. Idan kowane saƙo bai wuce harafi 50 ba, duka-duka bai kai megabayit 3 ba, wato bai kai gajeren bidiyo ɗaya na WhatsApp ba.

Kyamarar tsaro guda ɗaya kuwa, mai matsakaicin inganci, tana iya cin fiye da gigabayit 20 a rana. Wannan bambanci shi ne darasi na farko: ba a ɗora kowace na'ura a kan hanya ɗaya.

Yadda CERN ta tunkari lamarin

Cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa tana da rami mai zagayen kilomita 27, kimanin mita 100 a ƙarƙashin ƙasa, da ɗaruruwan gine-gine a sama. Duk da ƙarfin intanet ɗinta, da ta zo batun ƙananan na'urori, sai ta kafa musu hanyar rediyo ta musamman mai suna LoRaWAN.

Ɗaya daga cikin ayyukan da aka ɗora a kai shi ne sa ido a kan manyan kwandunan shara. A da, ma'aikata ne ke zagayawa da na'urar hannu suna duba ko an jefa wani abu mai tururin nukiliya a ciki bisa kuskure. Daga baya aka fara liƙa wa kwandunan na'urori masu batir da ke aiko da awo da kansu.

Tun kafin wannan, CERN ta raba hanyoyin sadarwarta. Akwai ta jama'a, inda ma'aikata da baƙi ke hawa da kwamfutoci da wayoyinsu, akwai kuma ta injina, wadda ba a shiga sai da izini. Na'ura ba ta samun gurbi sai an yi mata rajista da sunan wanda ke da alhakinta.

Kuɗin CERN ba irin na Samaru ba ne, amma rajistar na'ura da raba hanya tsari suke buƙata fiye da kuɗi.

Kowace na'ura da hanyarta

A cikin ɗakin gwaji, waya ko Wi-Fi sun isa. Jami'o'in tarayya da dama sun riga sun shimfiɗa wayar fayiba tsakanin gine-ginensu, kuma a 2014 aka ƙaddamar da NgREN, hanyar da ta haɗa jami'o'in tarayya 27 a zangon farko. Wannan shi ne ƙashin bayan da za a ɗora sauran a kai.

Matsalar tana farawa ne daga bakin katanga. Wi-Fi ba ya tafiya nesa, kuma yana shan batir. Ba za a ja waya zuwa kowace kunya ba, domin garma ko tarakta za su tsinka ta, ko ɓeraye su ci.

Nan ne LoRaWAN ke da amfani. Ana kafa akwatin karɓar saƙo ɗaya a kan tankin ruwa ko dogon gini, ya riƙa jin na'urorin da ke nesa da shi da kilomita da dama idan fili a buɗe yake, kamar yadda ƙasar Katsina da Kano take. Batirin na'urar na iya yin shekaru, kuma babu kuɗin data a kan kowace ɗaya. Iyakarsa ita ce ƙananan saƙonni kawai yake ɗauka, ba ya ɗaukar hoto.

Ga tashar da ke ita kaɗai a ƙauye, layin waya ya fi sauƙi. Amma kowane layi sai an yi masa rajista, sai an riƙa biya masa data, kuma a watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Layi 300 nauyi ne na kowane wata da dole a rubuta shi a kasafi.

Sai batun adireshi. Duk abin da ya hau hanyar intanet yana buƙatar lambarsa. Tsohon tsari na IPv4 yana da adireshi kusan biliyan 4.3 ne kacal ga duniya baki ɗaya, kuma ya kusa ƙarewa. Ɓangaren hanya da aka saba ware wa gini ɗaya yakan ɗauki na'ura 254. Ginin da aka tsara don kwamfuta 60, idan aka ƙara masa kyamarori da mitocin wuta da na'urorin zafi, sai a fara rigimar adireshi. Shi ya sa ake shawartar cibiyoyi su tsara rabon tun da wuri, su kuma fara koyon sabon tsari na IPv6.

Idan wuta ta ɗauke

Na'urar da ke gona tana da batirinta, amma akwatin da ke karɓar saƙonta da kwamfutar da ke adana shi wuta suke sha.

A watan Afrilun 2024 aka ƙara kuɗin wutar masu rukunin Band A zuwa Naira 225 a kan kowane yunit. A shekarar ce hukumar Jami'ar Ahmadu Bello ta koka cewa kuɗin wutarta ya kai kusan Naira miliyan 300 a wata. A watan Oktoban shekarar kuma yawancin jihohin Arewa suka kwashe fiye da mako guda cikin duhu, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da matsalar da ta samu layin da ke kawo wuta ta Binuwai.

Ga ofis, ɗaukewar wuta jinkirin aiki ne. Ga bincike kuwa, giɓi ne a cikin tarihi. Ruwan da ya sauka a daren da akwatin karɓar saƙo ya mutu ba zai dawo a sake auna shi ba.

Jami'ar Bayero ta Kano ta samu tashar sola mai ƙarfin megawat 7.1 a watan Satumban 2019 a ƙarƙashin shirin Gwamnatin Tarayya na samar wa jami'o'i wuta. Amma ko ba a samu babbar tasha ba, akwatin karɓar saƙo ba ya cin wuta da yawa. Ƙaramin faifan sola da batir mai kyau sun ishe shi, muddin an ware su don shi kaɗai, ba a jona cajin waya da fanka a kai ba.

Yanayinmu ma yana da nasa sharuɗɗan. Zafin watan Afrilu yana haura digiri 40 a Katsina, kuma zafi yana rage wa batir kwana. Ƙurar hunturu tana rufe faifan sola. Tsawar farkon damina tana neman abu mai tsawo, kuma akwatin da aka ɗora a kan tanki shi ne mafi tsawo a wurin, don haka sai an yi masa kariyar tsawa an binne wayarta da kyau. Ga gara, ga dabbobi, ga gobarar daji, ga masu sha'awar batir da sola.

Darasin 2021

A farkon watan Satumban 2021 aka rufe layukan sadarwa a Jihar Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro. Kwanaki kaɗan bayan haka aka rufe na ƙananan hukumomi 13 a Jihar Katsina, ciki har da Dutsin-Ma, Kankara, Malumfashi, Funtuwa da Ɗanmusa. An shafe watanni kafin a buɗe.

Talata Mafara, inda IAR ke da tasha, tana cikin yankin da abin ya shafa. Haka ma Dutsin-Ma, mazaunin jami'ar tarayyar da ke maƙwabtaka da Kankiya. Kuma rufewar ta zo ne a watan Satumba, daidai lokacin da amfanin gona ke cika ido, lokacin da awo ya fi daraja.

Duk na'urar da aka tsara ta aika saƙo nan take ta manta da shi, a irin wannan yanayi ta yi aikin banza. Wadda za a saya a Arewa dole ta iya riƙe awonta a cikinta na watanni, ta tura idan sabis ya dawo, ko kuma ma'aikaci ya je ya kwashe da hannu. Dole kuma agogonta ya kasance daidai, domin awon da ba a san sa'arsa ba, ba shi da amfani.

Akwai wani darasin daga ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka tsinke a gabar Afirka ta Yamma, harkoki suka tsaya cak a bankuna da ofisoshi. Cibiyar da ke tura duk bayananta zuwa rumbun wani kamfani a Turai ko Amurka, a irin wannan rana ba za ta iya ganin zafin ɗakin da ke kusa da ita ba. Kamata ya yi kwafin farko ya tsaya a gida.

Ƙofa dubu, mai gadi ɗaya

Kowace na'ura da aka jona ƙofa ce, kuma yawancinsu da makulli mai rauni suke zuwa daga kamfani.

A ranar 21 ga Oktoban 2016, wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta yi amfani da dubban kyamarori da akwatunan intanet na mutane wajen kai hari kan kamfanin Dyn na Amurka, lamarin da ya hana jama'a da yawa shiga Twitter da Netflix da wasu manyan shafuka. Dabarar ba ta da wuya: manhajar tana gwada kalmomin sirri kusan 60 da kamfanoni ke saka wa na'urori tun daga masana'anta, waɗanda masu su ba su taɓa canzawa ba.

Kafin nan, a 2013, masu kutse sun sace bayanan katin banki kusan miliyan 40 daga kantunan Target na Amurka, kuma sun shiga ne ta hannun kamfanin da ke kula musu da na'urorin sanyaya ɗaki.

A harabar jami'a mai dubban ɗalibai, haɗarin ya fi haka yawa. Maganin shi ne abin da CERN ta yi: a gina katanga a cikin hanyar sadarwar. Wayoyin ɗalibai su bi tasu, kwamfutocin ofis tasu, kyamarori tasu, na'urorin awo tasu. Na'urar damshin ƙasa ba ta da abin faɗa wa kwamfutar albashi, don haka a toshe tsakaninsu. Duk abin da ke iya kunna famfo ko kashe injin sanyi, a tsananta masa fiye da wanda ke awo kawai.

Haɗarin ma ba sata kaɗai ba ne. Na'urar da ta lalace ta daina magana, za a lura. Wadda ta ci gaba da aiko da lambar ƙarya ta fi illa, domin lambar za ta shiga rahoto, rahoton ya zama shawara. Shi ya sa ake ajiye tsohon ma'aunin ruwan sama na hannu a gefen sabon, ana kwatanta su lokaci-lokaci.

Wa zai kula da su?

Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. An saba ganin yadda shirin tallafi ke zuwa da na'urorinsa da layukansa da shafinsa na intanet, ya yi shekara uku ya tafi. Bayan nan kuɗin data ya yanke, ɗalibin da ya san kalmar sirri ya kammala karatu, na'urar ta zama kwalliya a kan sanda.

Abin da ke hana haka rajista ce mai sauƙi: sunan na'ura, inda take, wanda ke da alhakinta, ranar da aka canza mata batir, ranar da aka gwada ingancin awonta, da ranar da za a cire ta. Sai kuma ƙa'idar cewa babu wani sashe da zai sayo na'ura sai masu kula da sadarwar cibiyar sun duba ta tun kafin a biya kuɗi.

Shirin TAHMO, wanda masana daga Jami'ar Delft ta Holan da ta Jihar Oregon a Amurka suka assasa, yana da burin kafa tasoshin yanayi 20,000 a Afirka, ɗaya a kowane kilomita 30. Yawancin tasoshinsa a makarantu ake kafa su. Dalilin a fili yake: makaranta tana da mai gadi, tana da malamin da zai share ƙura, ɗalibai kuma su yi darasi da awon.

Akwai kuma haƙƙin manomi. Da zarar an haɗa awon gona da sunan mai ita da lambar wayarsa da wurin da take, an shiga hurumin Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023. Sai an nemi yardarsa, an kuma gaya masa abin da za a yi da bayanan.

Me ya sa awon Samaru bai isa ba?

Samaru na samun ruwan sama kusan milimita 1,000 a shekara, kuma daminarta ta fi tsawo. Tsakiyar Jihar Katsina ba ta samun haka, ƙasarta ta fi yashi, ruwa yana saurin tsanewa. Ko a cikin ƙaramar hukuma ɗaya, kowa ya san hadari na iya zubarwa a wannan ƙauye ya tsallake na gaba.

Hukumar Hasashen Yanayi ta Ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da ranakun da ake sa ran ruwa zai fara ya kuma ɗauke. Ingancin irin wannan hasashe yana ƙaruwa ne gwargwadon yawan wuraren da ake awo a ƙasa, kuma Afirka ce nahiyar da ta fi ƙarancin tasoshin yanayi idan aka kwatanta da faɗinta.

Wannan ne ya sa shirin da cibiya za ta yi bai kamata ya tsaya a harabarta ba. Idan tsarin ya tsayu a Samaru, ƙara tasha a wata makarantar sakandare a Kusada ko Kankiya ƙaramin aiki ne, musamman idan Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da aka kafa a 2011, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da hukumar KTARDA suka yarda su yi amfani da tsari ɗaya su riƙa musayar awo.

Kafin a sa hannu a kan kowace kwangilar sayen na'urori, akwai tambayoyi shida da shugaban cibiya ko ɗan majalisar da ke duba kasafi ya kamata ya nemi amsarsu a rubuce. Ta wace hanya saƙon zai bi? Kwana nawa tsarin zai yi ba wutar gwamnati? Wata nawa na'urar za ta riƙe awo idan babu sabis? Me ya raba ta da sauran kwamfutoci? A ina bayanan za su zauna, kuma na wane ne? Wa zai biya kuɗin batir da data a shekara ta huɗu, bayan masu tallafi sun tafi?

Kwangilar da ta kasa amsa waɗannan, gara a ajiye ta a fara gyara hanya tukuna.